Bindigar iska: yadda ake zaɓenta, yadda ake yi ma sabuwa rodaj, da abin da ya kamata a sani kafin a saye

Bayanin yau a kan bindigar iska ne, wadda wasu ke ce ma karabin. Ana neman ta don dalilai uku: koyon saiti a kan takarda ko gwangwani, korar kusu da gafiya daga wajen rumbu, da farautar ƙananan tsuntsaye irin su kurciya da hasbiya. Da yake ba ta cin albarushi kuma ba ta da ƙara sosai, mutane da yawa sun ɗauke ta kayan wasa. Ba kayan wasa ba ce. Tana fasa ido, tana huda fata, in ta samu mutum a kai ko a wuya ko a ƙirji tana iya kashewa. Kuma a idon jami'in tsaro da ya hango ka daga nesa, bindiga bindiga ce. Saboda haka za mu bi maganar daki-daki, daga doka har zuwa ajiya.

Mece ce bindigar iska

Bindigar gargajiya ta maharba, ko mahalba kamar yadda ake faɗi a Gobir da Adar, albarushi ne ke kama wuta a cikinta ya tura harsashi. Ita kuwa wannan, iskar da aka matse ce ke turo ɗan harsashin dalma ta cikin bututu. Cikin bututun akwai tsagi mai murɗewa, shi ne ke sa harsashin ya fita yana juyawa kamar katantanwa, juyawar nan kuma ita ke tsai da shi a kan hanya.

Ba sabon abu ba ne. Tun wajen shekarar 1780 sojojin ƙasar Ostiriya suka yi aiki da wata bindigar iska ta wani maƙeri mai suna Girandoni, wadda ke ɗaukar harsashi kimanin 20, tankin iskarta yana cikin ƙotar. A yau kuma harbi da bindigar iska wasa ne na gasar Olamfik tun 1984. Ana tsayawa a nisan mita 10, ɗigon tsakiyar da ake nema faɗinsa rabin milimita ne kawai. Da irin wannan bindiga ne Abhinav Bindra ya ciyo ma ƙasar Indiya zinare a birnin Bejin a 2008.

Doka kafin kuɗi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka ba mai sayarwa ko dala, ka je komisariya ko wurin jandarma na garinku, ka faɗa masu irin bindigar da kake so, faɗin bakinta da ƙarfinta, su gaya maka takardar da za ka nema. A Nijar izinin mallakar makami da shigo da shi yana hannun ma'aikatar cikin gida, kuma tun 1994 akwai hukumar CNCCAI mai tattara makaman da ake riƙe da su ba bisa ƙa'ida ba. In ka saya, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar da ke jikin bindigar, ka adana shi.

Farauta kuma tana da tata dokar daban, mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998. Ita ce ta tsara takardar izinin farauta, da lokacin buɗewa da rufewa, da dabbobin da aka hana taɓawa. Ta hana farautar dare, ko da fitila ko babu, ta hana farauta daga kan mota ko moto, ta hana amfani da guba da cinna ma daji wuta. Ofishin jami'an gandun daji na gundumarku ne wurin tambaya. Wuraren da aka keɓe kamar Gadabeji a jihar Maraɗi, da Tarmit, da gandun W, ba a shiga da bindiga ko wace iri ce.

Masu zuwa cin kasuwa Jibiya, Katsina ko Kano su sani cewa dokar makamai ta Najeriya ta sa bindigar iska cikin jerin bindigogin da sai da lasisin ƴan sanda ake riƙewa. Sayo ta a can a tsallako iyaka da ita cikin buhu, neman wahala ne a ɓangarorin biyu.

Ƴan'uwa mazauna Turai su ma su lura. A Faransa baligi yana iya sayen wadda ba ta kai jul 20 ba a kanti, a Jamus iyakar ita ce jul 7.5, irin wannan ana buga mata harafin F a jiki, a Ingila kuwa kimanin jul 16. Sauƙin saye a can bai zama izinin shigowa da ita nan ba. Kar a cusa ta cikin kayan kwantena ko akwatin tsaraba ba tare da an bayyana ma kamfanin jirgi da duwan ba, don wanda aka aiko ma ita ne zai amsa tambaya.

Sai maganar halin da ake ciki. A yankunan iyaka irin su Madarumfa da Gidan Rumji, da sassan Tawa da Tillaberi, inda ake fama da ƴan bindiga, yawo da abu mai kamar bindiga a kafaɗa na iya jawo ma mutum harbi kafin a tambaye shi suna. Wasu bindigogin iska ma an ƙera su baƙaƙe da siffar ta soja. Ka guje ma irin waɗannan, ka ɗauki mai ƙotar icce. Maigari da sarkin baka su san kana da ita, in za ka fita da ita ta kasance cikin jaka, ba a ɗane ba.

Ire-irenta

Ta farko ita ce mai resor, wanda wasu ke ce ma sifirin. Ana karya bututun ya lanƙwaso ƙasa, karyawar nan ce ke matse resor ɗin, sai a sa harsashi a mayar. In an ja kunama, resor ya tunkuɗa fistan, fistan ya matse iska, iska ta fitar da harsashi. Wasu ba a karya bututunsu, akwai wani hannu a ƙasa ko a gefe da ake ja. Amfaninta shi ne ba ta bukatar komai sai harsashi da ƙarfin damtse. Aibinta shi ne tana zabura lokacin harbi, sai an koyi riƙonta.

Ta biyu kamar ta farko take, sai dai a maimakon resor akwai wani bututu rufaffe mai iskar gas a ciki. Ba ta da rawar jiki da yawa, amma ranar da gas ɗin ya zurare ba gyara, sai an samo sabon bututun dungum.

Ta uku ita ce wadda ake bugawa kamar famfon keke, sau 3 zuwa 8 kafin kowane harbi, gwargwadon ƙarfin da ake so. Ba ta zabura, ba ta da nauyi, amma harbi na biyu yana ɗaukar lokaci, tsuntsu kuwa ba ya jira.

Ta huɗu tana aiki da ƴan kwalaben gas na CO2 masu giram 12. Wannan ba ta dace da ƙasarmu ba. Ƙarfin gas ɗin yana bin zafin gari: da sanyin hunturu ya ragu, da bazara kuma, in zafi ya haura digiri 40, ya yi yawan da bindigar ke iya ƙin tashi. Masu ƙera kwalaben sun hana ajiye su inda zafi ya kai digiri 50, mota rufaffiya a rana cikin watan Afrilu kuwa tana wuce haka. Ga shi kullum sai an sayi kwalba.

Ta biyar ita ce mai tanki, wadda ake kira PCP. Ana cika tankinta da iska har bar 200, wasu ma fiye. Don ku gane, tayar ƙaramar mota bar 2 da ɗan kai take ɗauka, ke nan injin mai liƙin taya ba zai cika ta ba, sai da famfonta na musamman. Ta fi kowace saiti da sauƙin harbi, ta kuma fi kowace tsada da son gyara. Gargaɗi babba: kar a kuskura a ɗura mata iskar oksijan ta masu walda ko ta asibiti. Oksijan in ta haɗu da maiƙo cikin matsi, fashewa take yi.

Ga mutumin karkara da ke nesa da kantin kayan gyara, mai resor ita ce zaɓin da ya fi hankali. Sunayen da suka daɗe a wannan sana'a sun haɗa da Diana da Weihrauch na Jamus, BSA ta Ingila, Gamo ta Sifen, Hatsan ta Turkiyya da Crosman ta Amurka. Akwai kuma na Caina masu sauƙin kuɗi, cikinsu da mai kyau da marar kyau, sai an duba ɗaya bayan ɗaya.

Faɗin baki da ƙarfi

Faɗin baki biyu ne suka fi yawa: milimita 4.5 da milimita 5.5. Harsashin 4.5 nauyinsa wajen rabin giram ne, yana da gudu, tafiyarsa miƙaƙƙiya ce, ya fi araha, shi ne na koyon saiti da gasa. Na 5.5 ya kusa giram guda, bai kai wancan gudu ba, yana saurin sunkuyawa ƙasa, amma dukansa ya fi nauyi, shi ya sa masu farauta suka fi son shi. Akwai 6.35, sai dai harsashinsa yana da wuyar samu. Kafin ka yanke shawara, duba wane harsashi ne ake samu a kasuwar da kake ci. Bindigar da ba ta da harsashi sanda ce.

Ƙarfin bindiga da jul ake auna shi, kuma daga nauyin harsashi da gudunsa ake fitar da lissafin. Misali, harsashi mai rabin giram da ke gudun mita 250 a daƙiƙa yana ɗauke da jul 16 ba kaɗan. Jul 7.5 ya ishi mai harbin takarda a mita 10. Jul 16 zuwa 20 ya ishi kurciya, hasbiya da kusu a nisan mita 25 zuwa 30.

Kar lambar gudun da aka buga a kwali ta ruɗe ku. Sau da yawa da wani harsashi marar nauyi ake gwada ta don lambar ta yi girma. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, harsashin dalma kuwa in ya kusanci wannan gudu sai ya fara tangaɗi, saiti ya lalace. Manyan bindigogi masu resor kuma suna da nauyi, ɗana wasu kamar ɗaga kilo 20 ne, zaburarsu ta fi ƙarfi. Mai matsakaicin ƙarfi da kake samun abin da ka auna ta fi ƙaƙƙarfar da ke watsa harsashi.

Harsashi

Harsashin bindigar iska siffar kalangu gare shi: kai a gaba, tsuke a tsakiya, buɗaɗɗen gindi a baya wanda iska ke hurawa ya kama jikin bututu. Mai faffaɗan kai na takarda ne, yana huda rami tsaf amma ba ya nisa. Mai kai kamar ƙoƙo a kife shi ne na kowane aiki, ya fi riƙe hanya. Mai tsini yana da ban sha'awa a ido, amma sau da yawa bai kai mai zagayayyen kai saiti ba. Gwangwanin 4.5 galibi guda 500 ne a ciki. H&N, RWS da JSB suna cikin sanannun masu yin sa.

Ka buɗe gwangwani ka duba. In gindin harsasan a lotse yake, ko girmansu ya bambanta, bar shi, araha ba ta ado. Kar a sake harba wanda aka tsinto. Kar a sa ƙwayar ƙarfe, ƙusa, tsakuwa ko ƙwayar hatsi: suna cinye tsagin bututu, ƙarfe kuma in ya bugi abu mai tauri yana dawowa kan mai harbi.

Duba ta a hannun mai sayarwa

In ta hannu ce, a fara tabbatar da babu harsashi a ciki. Ka ɗan buɗe bututun ka leƙa ta baya wajen haske: tsagin ya fito sarai, ba tsatsa, ba rami. Ka mayar ka girgiza, bai kamata bututun ya yi lakwaf-lakwaf ba. Ka hango shi daga gefe. In ya ɗaga sama, alama ce an taɓa jan kunama bututu yana karye, ya koma da ƙarfi, irin wannan kuma takan tsaga ƙota a wajen riƙo. Ka duba ƴar robar da ke zagaye da ramin sa harsashi, kar ta zama a tsage ko a bushe. Gwajinta mai sauƙi ne: a ɗora ƴar takarda marar nauyi a kan mahaɗar a harba cikin tarin rairai, in takardar ta yi tsalle iska na zurarewa. Lokacin ɗanawa ka saurara, ƙarar gurzar ƙarfe na iya nufin resor ya karye. Ka gwada makullin kunama. In lambar jikin bindiga a kankare take, ko mai sayarwa ya ƙi ba da takarda, ka tafi abinka.

Rodaj ɗin sabuwa

Kamar yadda ba a ɗaukar sabon moto a murɗe shi ranar farko, haka sabuwar bindiga mai resor take son rodaj. Ƙarafan cikinta ba su goge juna ba tukuna, robar fistan ba ta zauna ba, ga man masana'anta da ya yi yawa.

Na ɗaya, wanke bututu. Masana'anta na shafa maiƙo don tsare tsatsa a hanya. A samu zaren nailan mai ƙarfi irin na masunta, a ɗaura ɗan ƙyallen auduga mai tsabta, a jawo shi daga baya zuwa baki, ana canza ƙyalle har ya fito fari. Kar a zura waya ko sandar ƙarfe, don in leɓen bakin bututu ya samu rauni saiti ya tafi ke nan.

Na biyu, ɗaure bis. Akwai biyu a gaban ƙota, da ɗaya ko biyu a wajen kunama. Zaburar bindiga tana kwance su a hankali, kuma sakakken bis shi ne babban abin da ke sa sabuwar bindiga watsa harsashi. A ɗaure da turnabis daidai kan bis ɗin, ba da ƙarfin da zai fasa icce ba, a sake dubawa bayan kowane harbi 100.

Na uku, harbin farko. Za ka ji ƙara mai ƙarfi, ka ga ɗan hayaƙi, ka ji ƙauri. Man da ke cikin silinda ne ke ƙonewa saboda zafin matsi, yadda injin gazuwal ke tashi ba tare da buji ba. Wannan yakan ragu bayan harbi ƴan gomomi. A wannan lokaci harsashi mai ɗan nauyi ya fi. In ƙarar ta ci gaba kamar ta bindigar albarushi, a dakata a mayar ma mai sayarwa.

Na huɗu, haƙuri. Kar ka yanke ma bindiga hukunci, kar kuma ka wahalar da kanka da gyaran saiti, sai ka ƙarar da gwangwani guda, wato harbi 500. Wasu sai sun kusa 1000 suke daidaita. Za ka ji ɗanawa ta yi laushi, kunama ta yi santsi, ramukan harsashi sun fara matsowa kusa da juna.

Na biyar, neman harsashin da take so. Bindiga biyu ƙirar kamfani guda suna iya bambanta a nan. A samu iri biyu ko uku, a harba kamar 20 na kowane iri don bututu ya saba da dalmarsa, sannan a yi harbi biyar-biyar a kan takarda daga wuri guda. Wanda ramukansa suka fi haɗuwa, shi ne nata. A tsaya a kansa.

Abubuwa huɗu ne ke kashe bindiga mai resor. Harba ta babu harsashi, don fistan zai daki ƙarfe ba matashin iska. Barin ta a ɗane sa'o'i da yawa. Ɗiga mata esansi, baƙin mai ko man keken ɗinki a ramin iska don ta ƙara ƙara, wanda ke ƙone roba ya karya resor. Da sakin bututu lokacin sa harsashi. Wannan na ƙarshe har yatsa yake yankewa: hannu ɗaya ya riƙe bututun gam, ƙota a jikin cinya, ɗaya hannun ya sa harsashi, yatsa nesa da kunama.

Riƙo da saiti

Bindiga mai resor tana motsi tun harsashi bai bar bututu ba. In ka matse ta yau, gobe ka sassauta, harsashi ba zai faɗa wuri guda ba. Sirrin shi ne riƙo sako-sako, iri ɗaya kullum: gaban ƙota ya kwanta a kan buɗaɗɗen tafin hannu a wuri guda, gindinta ya taɓa kafaɗa ba dannawa, kunci ya jingina kaɗan. Kar a ɗora ta kai tsaye a kan dutse, bango ko reshe, a sa hannu a tsakani. A fitar da rabin numfashi, a ja kunama a hankali da tsokar kan yatsa, a ci gaba da kallon wurin har harsashi ya isa.

A fara daga mita 10, in hannu ya faɗa a koma 20 ko 25. Ƙa'idar gyaran saiti guda ce: abin saiti na baya ana matsar da shi wajen da ake so harsashi ya koma. In yana faɗawa ƙasa a ɗaga shi, in yana faɗawa hagu a kai shi dama. Ana gyara ne bisa tsakiyar harbi biyar, ba bisa harbi ɗaya ba.

Madubin hangen nesa ba dole ba ne ga mai farawa. In za a sa, a nemi wanda aka yi don bindigar iska, saboda zaburar mai resor gaba da baya ce, tana lalata madubin da ba a yi shi don haka ba, tana kuma jan shi baya in maƙalarsa ba ta da turke.

Farauta: iyakarta

Ga ma'auni mai sauƙi. Zana da'ira da ƙarfen dala ashirin a kan takarda. Nisan da kake iya sa harsashi biyar cikin biyar a da'irar nan, shi ne nisan farautarka, ko da mita 15 ne. Wuce nan raunata dabba ne kawai, ta tafi ta mutu a wahale. Iskar hunturu tana kautar da harsashi sosai, ranar da ta taso a haƙura.

Kurciya, hasbiya, kusu da kurege su ne daidai ƙarfinta. Fakara, zabon daji da zomo sai a kusa, kuma a kai. Gada, barewa, dila, biri ko kare ba nata ba ne ko kaɗan. Ba ta maganin jan-baki in sun sauka a gonar hatsi, waɗannan dubbai ne, aikin ma'aikatan gona ne. A bar ungulu, shamuwa, gauraka da balbela. A bar tantabarun maƙwabta. Da damana, lokacin da yawancin namun daji ke hayayyafa, a rataye ta. Mai farautar abin ci ya ambaci sunan Allah kafin ya harba, ya riƙe wuƙa mai kaifi don yanka wanda ya tarar da rai, ya kuma cire harsashin da naman da ke kewaye da shi kafin a kai tukunya.

Tsaron rai

Harsashin da aka harba sama yana iya tafiyar fiye da mita 300. Kafin ka ja kunama, tambayi kanka: in na kuskure, ina zai faɗa? Danga ta kara, zana da ƙofar langa-langa ba sa tsare shi. Wurin koyo ya zama da katangar ƙasa mai kauri ko buhunan rairai a baya, ba hanya, ba rijiya, ba turken dabbobi. Kar a harbi dutse, ƙarfe, kwalba ko fuskar ruwa. Mai harbi da na kusa da shi su sa tabarau mai kauri. A ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗanannar bindiga, kar a nuna ma mutum bakinta ko da wasa. In ka ɗana ba ka samu abin harbi ba, harba cikin rairai kafin ka shiga gari.

Yaro ba ya riƙe ta sai babba na tsaye a kansa. A kulle bindiga wuri guda, harsashi wani wuri. Dalma guba ce, ta fi illa ga ƙananan yara da mata masu ciki. Ba a manta abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinare ta kashe ɗaruruwan yara. Kar a riƙe harsashi a baki kamar yadda wasu ke yi, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, a tsince waɗanda suka zube don yara da kaji.

In tsautsayi ya faɗa, ƙanƙantar rami ba ta nuna zurfinsa. Wanda aka samu a kai, wuya, ƙirji ko ciki a kai shi likita nan take, ko da yana tafiya da ƙafarsa. In ido ne, kar a murza, kar a ɗiga komai, kar a yi ƙoƙarin cirewa, a kife ɗan kofi mai tsabta a kai ba tare da dannawa ba, a nufi CSI mafi kusa don su tura babban asibiti. A gaya ma likita gaskiyar abin da ya faru.

Ajiya da gyara

Maƙiyanta biyu ne a nan: ƙura da rani, tsatsa da damana. Bayan kowane aiki a goge ƙarfen waje da ƙyalle mai ɗan mai, don gumin hannu yana cin ƙarfe. Ɗigo guda a mahaɗar da bututu ke karyewa ya isa. A sa ta cikin jakar tufafi, a ajiye a inuwa, kar a jingina ta da bakinta a ƙasa, kar a bar ta a rana ko cikin mota. Bututu ba ya son yawan wanki, sai in an ga saiti ya fara lalacewa kuma bis duk a ɗaure suke.

In resor ya karye ko robar fistan ta cinye, ana canza su, kuma yana da kyau a sayo na ajiya tun ranar sayen bindiga, ko a roƙi ɗan'uwa na waje ya aiko da su daidai da sunan ƙirar. Amma kar a kwance cikinta a gida. Resor ɗin a matse yake ko ba a ɗana ba, in aka zare turakunsa ba tare da abin dannewa ba yana fitowa da ƙarfin da zai fasa fuska. A kai ma wanda ya san aikin bindiga.

Wanda ya samu takardunsa, ya zaɓi mai matsakaicin ƙarfi, ya ƙarar da gwangwanin farko a kan takarda kafin ya nufi daji, zai ga bindigar ta yi masa shekaru tana aiki. Masu ƙarin tambaya a kan izini su tuntuɓi jandarma da jami'an gandun daji na yankinsu. Allah ya tsare mu da iyalanmu.